Kafin Ku Bi Maganar Masu Taron Keto, Ku Auna Jininku

Ƙannena, kowace shekara ana shirya manyan tarurruka a kan tsarin cin abinci na keto, galibinsu a Amurka, irin waɗanda aka yi a baya da sunan Low Carb Denver, da KetoCon a birnin Austin na jihar Texas, da Low Carb USA a San Diego. Likitoci da masu bincike da 'yan kasuwa ne ke hawa dandamali. Mutum ya yi jawabi mai tsawo cike da sharuɗɗa, sai a yanko minti ɗaya mafi daɗin ji, shi ne zai iso wayoyinku. Mu da muka riga ku shiga harkar, babban kuskurenmu shi ne ɗaukar wannan guntun bidiyo kamar takardar da likita ya rubuta mana.

Asalin keto magani ne. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo ya tsara shi don masu farfaɗiya, kuma har yau ana yi wa yaran da magani ya kasa tsayar musu da ciwon: giram 4 na maiƙo a kan kowane giram 1 na furotin da sitaci a haɗe, ana auna komai a sikeli, likita yana bibiya. Wanda ake yayatawa yanzu ya fi wannan sauƙi. Ana taƙaita sitaci da sukari ƙasa da giram 50 a rana, wasu ma 20 zuwa 30. Ku kwatanta: giram 100 na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 28. Faranti ɗaya ya cinye rabon yini har da ƙari.

Makon farko yana ruɗar mutane. Jiki yana ajiye sukari kusan giram 400 zuwa 500 a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, sai sikeli ya nuna an rage kilo biyu. Ba kitse ne ya narke ba, kuma ranar da kuka ci tuwo ruwan zai dawo. Ku riƙa auna ƙugu da tef sau ɗaya a mako, da safe kafin ku ci komai.

Kafin ku canja ko loma ɗaya, ku je a ɗibi jini. A duba sukarin safe kafin karyawa, da HbA1c wanda yake nuna matsakaicin sukarin watanni biyu zuwa uku, da kolestarol dalla-dalla (LDL da ake kira mugun kolestarol, HDL da ake kira mai kyau, da kitsen jini tiraigilisaraid), da aikin ƙoda da na hanta, da yurik asid. A auna hawan jini. Ku adana takardar, ku maimaita bayan mako 8 zuwa 12. Wanda bai auna da farko ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi, duk gardamar da zai yi daga baya hasashe ne.

Mai shan magani, a nan haɗarin yake. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, gliclazide da glimepiride suna ci gaba da sauke sukari ko an daina cin sitaci. Sai rawar jiki, zufa mai sanyi, ruɗewa, har suma. Dole likita ya rage adadin tun ranar farko. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL (3.9 mmol/L), a jiƙa sukari ƙaramin cokali huɗu a sha, a sake aunawa bayan minti 15, a wannan lokacin ba a maganar karya dokar keto. Akwai kuma wasu magungunan ciwon sukari, empagliflozin, dapagliflozin da canagliflozin. Haɗa su da keto yana iya sa jini ya yi tsami da sinadarin kiton, wanda jiki yake yi daga kitse idan sitaci ya yi ƙaranci, alhali sukari bai hau sosai ba, shi ya sa ake makara kafin a gane. Tun 2015 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan tsamin jini ga masu shan su. Amai, ciwon ciki da haki mai zurfi, asibiti ake nufa nan take. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, da mai juna biyu ko shayarwa, da mai ciwon ƙoda, hanta ko maɗaciya, kada su fara da kansu.

Maganar cewa mai keto ya ƙara gishiri ta fi kowace saurin yaɗuwa. Gaskiya ne idan insulin ya sauka ƙoda tana zubar da gishiri, daga nan ciwon kai, jiri da kasala na kwanakin farko suke zuwa. Stephen Phinney da Jeff Volek, waɗanda ake yawan ambato a tarurrukan, suna ba da shawarar giram 3 zuwa 5 na sodiyam a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ƙasa da giram 2. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri yana da kusan giram 2.3 na sodiyam. Mai lafiya da jiri ya dame shi, rabin cokali a romo a makonni biyun farko ya wadatar, kuma ya tuna dunƙulen magi ma gishiri ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya ƙara sai da izinin likita. Fotasiyam kuma a neme shi a alayyafo, zogale, fiya da kifi, ba a ƙwaya ba, musamman ga mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, don yawansa yana rikita bugun zuciya. Kanwa ba za ta maye gurbinsa ba, galibinta sodiyam ce.

Rigimar da ta fi damuna ita ce ta LDL. A keto tiraigilisaraid yakan sauka, HDL ya hau, wannan abin so ne. Amma wasu, musamman marasa ƙiba masu motsa jiki, LDL ɗinsu yakan ninka. Dave Feldman, injiniya ne ba likita ba, shi ya fito da wannan rukuni fili: LDL 200 ko fiye, HDL 80 ko fiye, tiraigilisaraid 70 ko ƙasa, duk a ma'aunin mg/dL. Za ku ji ana cewa wataƙila a irin waɗannan mutane hawan LDL ba ya cutarwa. Tambaya ce da ta cancanci bincike, amma ba a tabbatar ba. A ɗaya ɓangaren akwai hujjojin shekaru da dama daga binciken gado da gwajin magunguna, waɗanda ƙungiyar masanan jijiyoyin jini ta Turai ta tattara a 2017, cewa LDL da kansa yana toshe jijiya. Ana cewa jiki magayi, sai dai a wannan magana jiki ba ya gaya muku komai: mutum yana jin ƙarfi, jijiyar tana cushewa a hankali. Matashi ɗan shekara ashirin da biyar bai kamata ya ba da zuciyarsa a gwada zato ba.

Idan LDL ya hau, ku fara da canja mai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa daskararren kitse ne, man shanu sama da kashi 60, man ja kusan rabi, man gyaɗa da man zaitun kuwa ba su kai kashi 20 ba. A ajiye man shanu da kitsen nama, a koma man gyaɗa, riɗi, agushi da kifi, a yawaita kuɓewa da ganye. A sake gwaji bayan mako shida zuwa takwas. In bai sauka ba, a dawo da sitaci giram 50 zuwa 100 a rana daga wake ko dankali; a marasa ƙiba wannan yakan sauke shi sosai. In ya kai 190 mg/dL ya tsaya, likita ne zai yanke hukunci.

Furotin kuwa an tsorata mutane da shi a banza. Giram 1.2 zuwa 1.7 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinku ba zai fitar da ku daga keto ba. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, dafaffen nama giram 100 yana da kusan 25 zuwa 30.

Idan mai jawabi ya ɗaga bincike, ku tambayi mutum nawa, tsawon wane lokaci, da wa aka kwatanta, wa ya biya kuɗi. Binciken kamfanin Virta na 2018 ya nuna HbA1c na masu ciwon sukari ya sauka daga 7.6 zuwa 6.3 a shekara guda. Sakamako ne mai kyau, amma kamfanin ne ya ɗauki nauyi, ba a raba mutanen da ƙuri'a ba, kuma suna da likita da mai horarwa a waya kullum. A shekarar dai Christopher Gardner na jami'ar Stanford ya raba mutum 609 da ƙuri'a: bayan wata 12 masu rage sitaci sun zubar da kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ana kuma yawan kawo shari'ar Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu, wanda hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar ta wanke a 2017 kan shawarar da ya bai wa wata mai shayarwa a Twitter ta yaye jaririnta da abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo. An wanke shi daga zargin saɓa ƙa'idar aiki. Hukuncin bai mayar da keto abincin jarirai ba.

A harabar taron kuma akwai rumfunan 'yan kasuwa. Lemon kiton yana ɗaga adadin kiton a jini na 'yan sa'o'i, amma daga kwalba ya fito, ba daga kitsenku ba. Man MCT, wanda galibi ake tacewa daga man kwakwa, in aka sha babban cokali a karon farko, murɗar ciki da zawo ne. Mai son gwadawa ya fara da ƙaramin cokali cikin abinci. Launin tsinken gwajin kiton a fitsari yana dusashewa bayan 'yan makonni don jiki ya koyi ƙona kiton ɗin, ba don an kauce hanya ba. A gwajin jini 0.5 zuwa 3.0 mmol/L ne ake nema, kuma mai 2.5 bai fi mai 0.8 rage ƙiba ba. Kuɗin waɗannan kaya ya isa ku biya gwajin jinin wata na uku.