Mun buɗe jami'ar intanet, aka yanke kuɗin malaman da za su bibiyi ɗalibai

Ina cikin waɗanda aka ɗora wa tsara darussan shekarar farko lokacin da gwamnati ta yanke shawarar kafa jami'ar da komai nata ta intanet ake yi. Zancen doka, samun amincewar hukuma da ɗora darussa a Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, duk sun tafi lafiya, ba zan tsaya a kansu ba. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne kasafin malaman da za su riƙa bibiyar ɗalibai.

Da aka zo rage kuɗi, shi aka fara sa wa wuƙa. Wai an riga an naɗi laccoci a bidiyo, kwamfuta ce ke duba gwaji, to malami na mene ne kuma? Mun yi magana har muka gaji. Aka ce mana ai amfanin jami'ar intanet ke nan, darasi ɗaya ya ishi dubban mutane. Kuɗin ya tafi wajen ƙawata ɗakin naɗar bidiyo.

Rajista ta cika maƙil, manya suna ta murna. Sai da lokacin miƙa aikin farko ya zo muka ga abin da ke ƙasa. Mutane da yawa sun daina shiga shafinsu, kuma babu wanda ya rubuto ya ce ya bari. A aji, in kujera ta zauna wayam malami zai tambaya. A nan kuwa sunan mutum yana nan daram a jerin ɗalibai, alhali shi ya daɗe da tafiya.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba na mantawa. Cikin dare, tana bakin aiki, ta aiko da tambaya ɗaya: ba ta gane abin da ake so a kashi na biyu na aikin ba. Tambayar da malami zai amsa cikin minti biyu. Saƙon ya kwanta a akwatin da babu mai kula da shi har ranar miƙa aiki ta wuce. Da na kira ta daga baya, ta ce mini ta ɗauka ita ce ba ta da ƙwaƙwalwar karatun jami'a. Irinta fa aka ce don su aka gina wurin: masu aiki, masu iyali, waɗanda suka daɗe rabonsu da aji.

Abin haushin, ba sabon ilimi ba ne. Open University ta Ingila, da aka kafa a 1969 ta fara karatu a 1971, a wancan lokacin tana watsa darussa ta BBC, amma duk da haka ta ba ɗalibi malamin da ke duba aikinsa yana rubuta masa gyara. Western Governors University ta Amurka, da aka kafa a 1997, tana haɗa kowane ɗalibi da mai ba shi shawara tun daga shigarsa. Mu muka kwaikwayi fasahar, muka bar mutanen.

Saboda haka in an kira ka irin wannan aiki, ka nemi a rubuta maka tun farko ɗalibai nawa ne ke ƙarƙashin kowane malami, kuma cikin awa nawa dole a amsa tambaya. Ka sa wani ya riƙa duba wanda ya yi mako guda bai shiga ba, ya kira shi a waya. Saƙon da na'ura ke aikawa ba ya dawo da kowa, mun gwada. Kada ka yarda a ce za a ɗauki malaman in ɗalibai sun ƙaru, mu ma haka aka ce mana.

A zango na biyu an ɗauko malaman wucin gadi, abubuwa suka fara daidaita. Waɗanda suka tafi tun farko kuwa kaɗan ne suka dawo, kuma rahoton shekara da aka fitar yawan masu rajista kawai ya ambata.