A nemi jaji, jagorar matan ƙauye, tukuna

Duk mai son taimaka wa matan karkara a jihar Sakkwato, idan ya nemi shawarata, tambaya ɗaya nake fara yi masa: wace mace ce a cikin ƙauyen za ta riƙe aikin bayan motarku ta juya gida? Da yawa sukan yi shiru. Sun tanadi kekunan ɗinki, sun gayyaci hakimi da mai ɗaukar hoto, amma ba su san tsohuwar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta tashi ba.

Ni ungozomar asibiti ce. Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin asibiti a gefen fadamar Rima, ta wajen Wurno, ƙasar albasa da tafarnuwa da shinkafa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci, Sakkwato ta zo kan gaba, kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci. 'Yan birni sun yi ta gardama a kan lambar. Ni ban yi ba, domin awon ya haɗa da nisan asibiti, da ruwan sha, da zuwan yara makaranta, da makamashin girki, kuma waɗannan duka a kan mace suke sauka.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne jinkiri. Yarinya za ta fara naƙuda da safe, a bar ta a ɗaka har gari ya sake wayewa. Idan aka kawo ta na tambayi dalili, sai uwar miji ta ce, "Malama, maigidan ya tai kasuwar Illela, ba mu iya fita da ita babu izni nai. Mi munka iya?" Wani lokacin iznin yana nan, kuɗin mota ne babu. Doguwar naƙuda kuwa ba ta jira. Kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ana yin aikin gyaransa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a cikin Sakkwato, kuma na ga waɗanda suka dawo da lafiyarsu. Sai dai kafin nan wata ta rasa jaririn, ta rasa ɗakinta, ta daina shiga biki da suna.

A 2013 jiharmu ta fara raba magunguna biyu har cikin gidaje: ƙwayar misoprostol da mai jego ke sha da zarar jariri ya fito don tsayar da zubar jini, da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiya a maimakon toka ko tsumman gashi. Magunguna ne masu araha masu aiki. Amma a ƙauyenmu mata suka riƙa karɓa suna cusawa a ƙarƙashin katifa, saboda an ce ƙwayar ta hana haihuwa ce. Wadda ta warware mana ita ce ungozomar gargajiya ta garin, tsohuwar da kowa ke kira Inna. Ta zo ta zauna a kan bencina ta yi mini tambayoyi har ta gamsu, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga magani in kin ba su da hannunki aje shi za su yi. Ba ni shi." Kusan duk matar da ke garin ko dai Inna ce ta yanke mata cibiya ko ta yanke wa 'ya'yanta. Maganar da ta fita daga bakinta ba a mayar da ita.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, mu ne muka manta da ita. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan matsala: matan ƙauyuka masu nisa, masu aure da goyo, waɗanda ba za su iya barin gida su zo karatu ba. Sai ta zaɓi dattijuwa mai mutunci daga kowane gari ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci 'yammata da tsofaffi su taho wurinta a ƙafa, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma su koyar da na gida. Su ne 'Yan Taru. Abin da ke burge ni a tsarin shi ne Nana Asma'u ba ta aiko baƙuwa daga birni ba. Ta ɗauki wadda garin ya riga ya yarda da ita, ta ƙara mata ilimi da daraja.

A tsakar gidan Inna muka buɗe ajin mata bayan la'asar. Yana ɓata mini rai idan na ji ana kiran waɗannan mata jahilai. Da yawansu sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu suna iya ajami. Abin da ya rage musu boko ne da lambobi, don haka muka fara da abin da ke gabansu: ranar komawa awon ciki a kan kati, yawan cokalin maganin yaro, lambar wayar mai mota. Suka koyi auna damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, suka san idan ya nuna ja tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa. Suka koyi haɗa garin gero da waken suya da gyaɗa don kunun yaye.

Maganar karatun 'yammata kuwa ba ta rabuwa da maganar talla. Matar da ke cikin kulle, 'yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Idan ka ce ta sa ta makaranta, ka ce ta rufe sana'arta ke nan, sai ka nuna mata inda kuɗin cefane zai fito. Ga kuma wani abin da nake yawan faɗa wa maza: kun ce ba ku yarda namiji ya duba matanku ba, na ji. To macen da za ta duba su 'yar wa ce, in kowa ya cire tasa daga aji shida?

Wata ƙungiya ta taɓa kawo mana kekunan ɗinki, a garin da ba a ɗinka sabon kaya sai da salla. Kafin damina ta zagayo an sayar da mafi yawansu. Da sun tambayi matan, akuya za su ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara tun zamanin fatake har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, tana bayan ɗakin kowace mace. Cikinta wata biyar ne, takan haifi tagwaye, tana rayuwa da dusa da harawa, kuma a shari'a dukiyar mace tata ce, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. Matan ajinmu suka kafa adashe, wadda ta kwasa ta sayi 'yar akuya. A kan kowane zubi kuma suka ware wani abu da ba a rabawa, yana hannun uwar adashe, don kuɗin mota kawai idan naƙuda ta yi gardama. Inna da kanta ta je wurin liman da mai gari, aka yi magana bayan sallar Juma'a cewa kowane magidanci ya ba da izni tun ciki yana ƙarami, ko yana gida ko ba ya nan.

Akwai abin da ya fi ƙarfin Inna da adashe. Ba su da jinin da za a ƙara wa mai zubar jini, ba sa yin tiyata, ba sa gyara hanyar da ruwa ke yankewa a watan Agusta. A Isa da Sabon Birni da Rabah 'yan bindiga sun kore awakin da mata suka tara, ma'aikatan lafiya da yawa sun bar ƙauyuka, fita da dare da mai naƙuda ta zama kasada. Wannan nauyin gwamnati ne, kuma ina roƙon ta sauke shi. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23. A kowace ɗaya a samu aƙalla asibiti guda da ke da wuta da dare, da jini a ajiye, da likitan da zai iya fiɗa, da ungozoma mace da ke kwana a wurin, domin idan matan sun yi nasu suka iso bakin ƙofa da ƙarfe biyu na dare su tarar da wanda zai buɗe.