Buhu ashirin suka koma sha huɗu, alhali kullum riba nake ci

A farkon 2023 jarina buhu 20 ne na ɓararriyar gyaɗa. Ina saye a kasuwar Dawanau ta Kano, in kai inji a matse, in raba man ga masu ƙosai da masu awara da masu abincin sayarwa, kek ɗin kuma, wato tunkuzar da ke raguwa bayan an matse mai, masu haɗa abincin kaji su kwashe. Wajen ƙarshen shekarar na shiga kasuwa da kuɗin da na saba zuwa da su, ko kwabo bai ragu ba. Dillalina ya danna lissafi a waya, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sha huɗu ne fa, sai ɗan canjin 'yan dako." Na ce ya sake bugawa. Ya sake. Sha huɗu.

Ba a yi mini sata ba, mai bai lalace ba, littafina ma babu zagayen da ya nuna faɗuwa. Buhu shida suka salwanta ta hanyar da har yau in na tuna sai na ji haushin kaina: da farashin gyaɗar jiya nake yanka wa man farashi, alhali gyaɗar gobe zan saya da cinikin.

Kowa ya san yadda shekarar ta kasance. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi, dizal ɗin inji ya tashi, gyaɗa ta bi sahu. Duk na ga wannan da idona, ina ma cikin masu ƙorafi a majalisa. Abin da ban yi ba shi ne in shigar da shi cikin lissafina.

Ga yadda ɓarnar take, da adadi mai sauƙin bi. A ce buhu naira 60,000. Dako da mota 1,500, masu tsinta da sheƙa 1,000, mai inji 4,000. Buhu ya tsaya maka 66,500 ke nan. Gyaɗa mai kyau tana ba ni lita 36 zuwa 40 na mai, mu ɗauki 38, da kek kamar kilo 53. Ka sayar da lita 1,550, kilon kek 250, ka tashi da 72,150. Riba 5,650 a buhu, buhu 20 kuwa 113,000. Ka cire abinka ka kai gida da farin ciki, ka bar uwar kuɗi 1,330,000 cif.

To, kafin kuɗin su gama dawowa hannunka mako uku sun wuce. Ka koma kasuwa ka tarar buhu 68,000, mai inji ya ce shi ma yanzu 5,000 ne. Buhu ya koma 75,500. Raba 1,330,000 da wannan: buhu 17 da 'yan kai. Ko da ba ka taɓa ribar ba gaba ɗaya, 19 kawai za ka iya ɗauka. Wato abin da ka kai gida a matsayin riba, buhu ɗaya da rabi ne na jarinka ka dafa ka cinye.

Me ya sa ban farga da wuri ba? Saboda ba a tashi ɗaya abin ya faru ba. Na sayi 19 na ce yau kasuwa ta yi tsada. Na sayi 18 na ce ai kaka na zuwa, za ta sauko. Wani zagayen ma na cike giɓin da kuɗin adashi, na rufe wa kaina ido da hannuna. Kuma littafin naira kawai yake nunawa, babu layin da ke cewa buhu nawa kuɗin nan za su saya yau.

Bashi ne ya mai da ƙaramin rami rijiya. Kashi biyu cikin uku na maina a kan "in na sayar na kawo" yake fita. Akwai wata dattijuwa mai ƙosai da ke ɗaukar jarka biyu duk mako, mutuniyar kirki, ba ta taɓa cin kuɗina ba. Sai dai ta biya na makon jiya, ta ɗauki na wannan makon, wani lokacin ta ce, "Ɗan nan, ka yi mini haƙuri zuwa Juma'a." Kuɗina suna hannunta kwana 14 zuwa 20. A shekarar da farashi ke zaune wannan ba komai ba ne. A shekarar da buhu ke ƙara kuɗi duk mako, kowace rana da kuɗin suka kwana a waje suna raguwa ne, ko da an dawo maka da su ba tare da an cire sisi ba. Ita ba ta da laifi. Ni ne na sayar mata a farashin hannu, na karɓa a lokacin bashi.

Yanzu kafin jarka ta bar shago da safe sai na kira Dawanau. Kira ɗaya ne, minti biyu. Farashin da aka faɗa mini a ranar, haɗe da dako da tsinta da matsa na ranar, shi ne tsadar maina, ko da man da ke cikin duro na tsohuwar gyaɗa mai araha ne. Da farko na ji kamar zalunci nake yi. Sai na tuna ko a zakka, ɗan kasuwa mai jujjuya kaya da farashin ranar yake ƙimanta hajarsa, ba da abin da ya saya ba. Kuma ranar da gyaɗa ta faɗi, babu mai ƙosan da za ta yarda ta biya ni tsohon farashi don na sayi tawa da tsada. In kasuwa za ta tilasta mini sauka, dole ta bar ni in hau.

Na ƙara layi ɗaya a littafi. Duk Asabar ina haɗa kuɗin hannu, na asusu, bashin da nake da tabbacin zai dawo, da ƙimar mai da kek da gyaɗar da ke ƙasa, in raba da tsadar buhu ɗaya na ranar. Adadin da ya fito shi ne jarina. In makon jiya 16 ne yau kuma 16 da rabi, rabin nan ne riba, a cikinsa nake taɓawa. In ya koma 15 da rabi, ko cinikin miliyan nawa na yi, faɗuwa na yi. Na kuma yanka wa kaina albashi na mako, na buɗe wa sana'ar asusu daban, don kuɗin cefane da na gyaɗa su daina kwana a aljihu ɗaya.

Bashi ban daina bayarwa ba, wanda ya ce zai sayar wa masu suya mai ba bashi, bai shirya ciniki ba. Na dai sa masa ƙa'ida. Farashi biyu ne, na hannu da na jinkiri, kuma tun kafin a ɗaga jarka ake yanke wanda aka ɗauka da ranar biya. In ranar ta wuce ba na ƙara ko naira ɗaya, wannan ya zama kuɗin ruwa, amma ba a sake ɗaukar wata jarka sai an biya ta baya. Iyaka kwana bakwai. Na rasa masu saye uku a watan farko, ɗaya ma har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. Dattijuwar nan kuwa ta ce ai gara haka, ta koma ɗaukar jarka ɗaya sau biyu a mako da kuɗi hannu.

Sannan kuɗi ba sa kwana. Da, sai na tara na buhu 20 sannan in tafi kasuwa da kaina, don in rage kuɗin mota. Wayon banza ne: abin da nake ragewa a mota bai kai rabin abin da jira ke ci ba. Yanzu da zarar na buhu biyu ko uku sun taru, na tura wa dillali, ya saya ya ajiye, mota ɗaya ta kwaso ranar da suka cika. Wannan sai da dillalin da ka daɗe da shi, kuma ka riƙa zuwa ba zato ka ga buhunanka da idonka.

Da na fara ƙirga jari da buhu, sai wasu ƙananan ramukan suka bayyana. Buhun da ake kira kilo 100, mai tiya 40, na ɗora a sikeli na ga 93, na ga 95. Bayan tsinta kuma tsakuwa da ƙasa da ruɓaɓɓu su ɗauke kilo biyu zuwa huɗu. Ka sayi sikelin rataye, ka auna a gaban mai kaya, ka soka bututu a sama da tsakiya da gindin buhu, don mai kyau a baki ake zuba ta. Sabuwar gyaɗar kaka tana ruɗi da araha, amma ruwa kake saye: tana rage nauyi a ajiya, tana cushe inji, man ya fito da kumfa. Ka ciza ƙwaya, busasshiya tana karyewa ƙas, jan bawon kuma yana fita in ka murza da yatsa. Wadda ta yi funfuna ko take ɗaci kada ka karɓa ko da rabin kuɗi, gubarta a kek take taruwa, mai kaji kuma in ya yi asara sau ɗaya ba zai dawo ba. Ƙananan ƙwaya irin 'yar Dakar da irin SAMNUT na cibiyar binciken noma ta Samaru sun fi ba ni mai a kan manyan ƙwaya na ci, waɗanda kyan ido ke sa su tsada.

A wurin inji ka tsaya da kanka ko ka sa naka. Ka auna abin da ya shiga, ka auna mai da kek da suka fito. In kek ya fito da laushi yana maiƙo a hannu, ba a ɗaure injin sosai ba, lita biyu ko uku na manka sun tafi a farashin abincin kaji. Man kuma ka bar shi a duro kwana uku zuwa huɗu lakar ta kwanta kafin ka ɗura. Jarka ma kuɗi ce: na rubuta lamba a jikin kowace, ba mai ɗaukar cikakkiya sai ya kawo wadda ya juye.

Masu ba ni shawarar in faɗaɗa suna da yawa. Wai in sayi injina, wai in riƙa ɗurawa a roba da suna a jiki. Injin da zai yi aikin kwana biyu a mako ya kwanta biyar, buhunan gyaɗa ne ka mayar ƙarfe, ga kuɗin wuta da aka ɗaga wa layin Band A, na masu samun wuta mafi yawan awanni, daga naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024. Ɗurawa da suna kuma tana nufin rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lambar NAFDAC, wuri na musamman da za a zo a duba, da ƙara sinadarin bitamin A da doka ta wajabta a man girki. Ba na cewa kada a yi. Ni dai na sa wa kaina sharaɗi: sai jari ya kai buhu 40 ya zauna a haka wata shida.

Asabar da ta wuce lissafin ya ba ni 18 da kwata. Cinikina a naira ya ninka na 2023, abokai suna cewa Alhaji an faso gari, ni kuwa na san har yanzu ana bi na buhu biyu saura kwata kafin in koma inda na tsaya ranar da ban fara wannan wautar ba.