Barcin rana bayan aikin dare a Jidda

A asibitin da nake aiki a Jidda, aikin dare awa 12 ne, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe. Farkon dare da sauƙi. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba ne ake jin jiki, lokacin da zafin jikin mutum ke sauka, ido ya yi nauyi. Duk allurar da zan yi a wannan tsakanin sai na sa abokiyar aikina ta sake duba ta.

Hutun kuwa tun daga ƙofar asibiti yake farawa. Kafin a gama miƙa aiki rana ta riga ta buɗe, kuma haskenta yana danne sinadarin melatonin da ke kawo barci. Sai ki kwanta a gajiye liƙis amma idonki biyu. Shi ya sa nake sa baƙin tabarau kafin in shiga motar ma'aikata. A ɗaki na rataya labule mai kauri, na liƙe gefen taga da baƙar leda, sannan in kunna na'urar sanyaya ɗaki, don zafin garin nan da gumin bakin Bahar Maliya ba sa barin mutum ya runtsa.

Gahawa ce ta fi wuyar bari. Ba a rasa ta da dabino a ɗakin hutunmu, kuma in 'yar'uwa ta miƙo miki finjali, da kunya ki ce a'a. Amma kafeyin, sinadarin cikin gahawa mai hana barci, yakan yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wato na asuba yana nan da ƙarfinsa har hantsi. Daga ƙarfe 2 na dare sai ruwa kawai.

Barcin gida biyu nake raba shi. In kwanta zuwa Azahar, in yi salla, in ci abu mara nauyi, in koma kailula zuwa La'asar. Randa na gama jerin darare kuma, awa 4 kacal nake yi, in fito in taka a bakin teku da yamma, don barcin dare ya dawo.

Sai mutanen gida. Saudiyya ta riga Najeriya da awa 2, to idan Inna ta karya kumallo a Kano da ƙarfe 9 ta ɗauki waya, ni ina tsakiyar barci. Na ce, "Inna, ranar nan ita ce darena, ki bari sai bayan La'asar." Ta ce, "To 'yar nan, Allah ya ba da lada." Yanzu ita ke hana ƙannena kira.

Sababbin zuwa ne ke ba ni tausayi. Ga buƙatun gida, ga riyal, sai su karɓi ƙarin aiki a ranar hutu. Nakan gaya musu cewa a 2019 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake sanya aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Ni dai ranar hutuna ta farko ba na sayar da ita, ko nawa za a biya.