Ranar da na wanke sojan hauren giwa

A hunturun bara ne maƙwabciyata a nan Ingila, wata tsohuwar Baturiya da nake kira Mama, ta roƙe ni in taya ta kwashe kayan mijinta da ya rasu. A ƙasan kabad muka tarar da wani akwatin katako ɗauke da 'ya'yan darar ces guda 32, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ta ce wani kakan mijin ne ya taho da su daga Bengal a ƙasar Indiya, inda ya yi wa kamfanin East India aiki, wato kamfanin cinikin Ingila da ya mulki Indiya a da. "Ɗana, ɗan goge min su mana, ƙura ta cinye su."

Ina warware na farko na tsaya cak. Sarki ne zaune cikin 'yar rumfa a gadon bayan giwa, mai korar giwar ya hau wuyanta riƙe da ƙugiya, kuma duka abin bai wuce tafin hannuna ba. Hatta igiyar da ta ɗaure rumfar sai da aka sassaƙa ta, zare-zare.

Gaggawa ce ta ja mini. Na ɗauki soja ɗaya na kai shi famfo, na sa ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Kafin in ankara koren rinin gindinsa ya zubo mini a yatsu. Na ƙara wauta a kan wauta, na ɗora shi kan hita ya bushe. Da gari ya waye sai ga tsaga siririya kamar gashi, daga ƙafa har gwiwa. Cikina ya ɗuri ruwa.

Na nemo wata ƙwararriya mai gyaran kayan tarihi na kai mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya gindin sarkin a ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma, ta nuna mini wasu layuka masu gittar juna kamar saƙar taru. Da su ake gane hauren giwa. Ƙashi kuwa ɗigo-ɗigon baƙi ake gani a jikinsa. Haure yana shan laima ya kumbura, zafi ya sa shi ya tsuke, a nan yake tsagewa.

Ita ce ta gaya mini aikin garin Baharampur ne, a yankin Murshidabad na Bengal, daga rabin farko na ƙarni na 19. Masu sayen kayan tarihi suna kiran irinsu John Company, laƙabin da aka yi wa kamfanin. Bayan yaƙin Filasi na 1757, wanda kamfanin ya ci, ƙarfin sarakunan Bengal ya karye, masassaƙan suka koma yi wa hafsoshin Turawa aiki, har aka baje kayansu a babban baje kolin Landan na 1851. Na duba 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga sunan wanda ya yi su ba ko a guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na jera su. Gefe ɗaya mayaƙan gargajiya ne da masu da garkuwa. Ɗaya gefen sojojin kamfani ne da kaki da bindiga, amma ka dubi fuskokinsu da gashin bakinsu, su ma Indiyawa ne. Wato ɗan ƙasa ne ake tura wa ɗan'uwansa, kuma ɗan ƙasar ne ya zauna da 'yar wuƙarsa ya sassaƙa wannan hoton domin Bature ya yi wasa da shi, wasan da tun asali a Indiya aka ƙago shi. Nan take na tuna da cin Kano a 1903, inda hafsoshi Turawa ne amma akasarin masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu.

Sauran 31 na yi musu yadda ta koya mini: safar hannu, busasshen buroshi mai laushi, ina bin lungu-lungu a hankali. Jan-jan ɗin da tsufa ya sa musu na bar shi yadda yake. Asabar uku aikin ya ci.

Mama ta so ta sayar, sai muka tarar da dokar hauren giwa ta Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Yunin 2022, ta hana cinikinsa. Irin waɗannan sai an sami takardar keɓewa, wadda ake bai wa kayan da aka yi kafin 1918 masu daraja ta musamman. Kyauta da gado kuwa ba a hana ba, don haka ta ce jikarta za ta bar wa.

Da na nuna mata sojan na faɗa mata abin da na aikata, ta daɗe tana juya shi a hannu. Sannan ta naɗe shi da sabuwar takarda da kanta, ta mayar da shi cikin akwatin kusa da 'yan'uwansa.