Ranar da Aka Ce In Ja Baya

Shekaru ukun da ɗana ya yi a sashen ƙananan 'yan sikawut, kusan tare muka yi su. Ni nake shirya masa jaka, ni nake tuna masa ranar taro, kuma idan an ba su aikin neman bajo, sai mu zauna da igiya muna koyon ƙulli har hannuna ya fi nasa faɗawa. Babu laifi a nan, domin wannan sashe da aka buɗe a 1916 saboda ƙananan yara, manya ne ke tsara masa komai.

Da ya cika shekara 11 ya koma sashen gaba, ban sauya hali ba. Ranar zangonsu na farko na kai shi, na tarar da su shida suna fama da tanti, sun shimfiɗa shi a baibai, sai na nufe su ina naɗe hannun riga. Shugaban rukuninsu, ɗan shekara 14, ya tare ni cikin ladabi ya ce, "Baba, a bar mana, za mu gano kansa." Maganar ta sosa mini rai, amma na ja baya, ina kallo har suka kafa shi a karkace.

Daga baya malaminsu ya fahimtar da ni cewa da gangan aka gina tsarin haka. Tun zangon da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya kasa yara kimanin 20 gida huɗu, kowane rukuni da shugaba daga cikinsu, kuma duk uban da ya sa hannu, aikin wani yaro ya ƙwace.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rarrabe wahala da haɗari. Na taɓa ganin ya bar rigar ruwa a kan gado, na danne zuciyata na yi shiru, ya dawo a jiƙe sharkaf, kuma bai sake mantawa ba. Amma maganar maganinsa, da yawan manyan da za su kwana tare da su, waɗannan ba na kawar musu da kai, ko da zai ce na cika tambaya.

Yanzu shekararsa 15. Shi yake kawo mini takardar izini in sa hannu, ya faɗa mini lokacin da zan je ɗauko su, jakar kuwa a zuge nake ganin ta a bakin ƙofa.