Kokura aka nufa, Nagasaki ta sha

Kowa ya san Enola Gay, ko a lakwal in mushe ya zo kan yaƙin duniya na biyu ita yake kira, jirgin B-29 ɗin nan da Kanar Paul Tibbets ya tuƙa ya saki bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 da ƙarfe 8:15 na safe. Sunan mahaifiyarsa ne fa ya sa aka rubuta a jikin jirgin, ni dai har yau abin bai zauna mini ba. Waccan tafiyar komai ya tafi yadda suka tsara, sun tashi daga tsibirin Tiniyan, sun yi abin da ya kai su, sun dawo aka maƙala wa Tibbets lambar yabo nan take.

Ta biyun ce mutane ba su cika sani ba, kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Ranar 9 ga wata, jirgin Bockscar, mutum 13 a ciki, matuƙin Manjo Charles Sweeney yaro ne ɗan shekara 25, sa'an ƙannenmu da ke zaman fada. Tun kafin su tashi aka ga famfon wani tankin mai ya lalace, lita sama da 2,000 na nan cikin jirgin amma ba halin jawo shi, duk da haka aka ce a tafi. Sun isa tsibirin Yakushima inda za su haɗu da ƴan rakiya, jirgi ɗaya bai zo ba, an ce wa Sweeney kada ya wuce minti 15 yana jira, shi kuwa ya yi ta shawagi wajen minti 40 mai na ƙonewa.

Kuma ba Nagasaki aka tura su ba, Kokura ce, garin da ke da babbar masana'antar makamai. Umarnin shi ne sai mai sakin bam ya ga wurin da idonsa. To kwana ɗaya kafin nan Amurkawa sun yi wa Yahata da ke maƙwabtaka ruwan wuta, ga hayaƙi ga gajimare sun lulluɓe Kokura, irin hazon hunturun nan da kana Sabon Gari ba ka hango duwatsun Birni. Sau uku suna zagayowa mai sakin bam ɗin, Kermit Beahan, na leƙe ta madubinsa bai ga komai ba, ƴan Japan sun fara harbo su daga ƙasa, mai na ta ja baya, sai suka karkata zuwa gari na biyu a takardarsu, wato Nagasaki.

Can ma gajimare ne. Har sun yanke su saki da rada, sai Beahan ya ce ga kafa ya gani (ran nan ya cika shekara 27 cif), aka saki bam ɗin da ake kira Fat Man, ya tashi ƙarfe 11:02 a kwarin Urakami, kusan kilomita 3 daga inda aka so, daf da babbar majami'ar Katolika da masana'antun Mitsubishi. Kafin shekarar ta ƙare wajen mutum 70,000 sun mutu. Innalillahi. Hayaƙin jiya da mai da ya ƙare, su suka raba wa garuruwa biyu rabonsu, shi ya sa in na ji ana cewa komai an lissafa shi tsaf sai in yi shiru kawai.

Wani abokina a fada ya rantse wai da uraniyom ɗin Arlit aka yi bama-baman. A'a malam, Arlit sai 1971 ta fara fitarwa, na wancan lokacin yawancinsa daga Shinkolobwe ta Kongo aka kwaso, kuma na Nagasaki ma na fulutoniyom ne.

Su Sweeney kuwa ba su iya komawa Tiniyan ba, Okinawa suka nufa, suna ta kiran hasumiya ba amsa, suka harba duk wutar alamar da ke hannunsu, inji ɗaya ya mutu tun ba su taɓa ƙasa ba. Jirgin na nan yanzu a gidan tarihin sojan sama da ke Dayton a jihar Ohayo, an goge shi fes ana ɗaukar hoto da shi.